Rabon Iska a Cikin Kowane Jifa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin fiziks a sakandare ya san wannan ƙa'ida: in kana so abin da ka jefa ya yi nisa iyakar nisa, ka sake shi a kusurwar digiri 45, wato tsaka-tsaki tsakanin miƙewa gaba da miƙewa sama. Ana ba shi lissafin, ya haddace, ya ci jarrabawa da shi. A gindin tambayar kuwa akan maƙala wata 'yar jimla mai cewa a yi watsi da turjiyar iska. To wannan 'yar jimlar ita ke ɗauke da rabin zancen, wani lokaci ma fiye da rabi. Babu mai jifa a doron ƙasa da iska ba ta karɓi rabonta a hannunsa ba, kuma ba rabo ɗaya take karɓa wajen kowa ba. Wani abin ɗan kaɗan take gutsura masa, wani kuwa sai ta kwashe kashi tara cikin goma na tazarar da lissafi ya yi masa alkawari.

Ƙa'idar kanta ba ƙarya ba ce, kuma tana da tarihi mai tsawo. Tun a 1537 wani masanin lissafi ɗan Italiya, Niccolò Tartaglia, ya rubuta cewa igwa ta fi cin nisa in aka ɗaga bakinta digiri 45. Bayan shekara ɗari, a 1638, Galileo ya kawo hujjar. Ya nuna cewa abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda: yana tafiya gaba da gudun da ba ya canzawa, sannan ƙasa tana jawo shi, tana ƙara masa gudun faɗuwa a kowace daƙiƙa, ƙarin da a yau muka san mita 9.8 ne. In aka haɗa biyun sai a sami hanya mai lanƙwasa wadda hawanta da saukarta suka yi daidai da juna. Daga nan ne sauran ke fitowa: digiri 45 ta fi nisa, digiri 30 da digiri 60 wuri ɗaya suke sauka, kuma in ka ninka gudun jifa sau biyu, nisan zai ninku sau huɗu. Galileo ya san iska tana shiga tsakani, ya ma faɗi haka, sai dai ya ajiye ta gefe domin lissafin ya fito sarai. Inda babu iska kuwa maganarsa dutse ce. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya tsaya a duniyar wata, ya saki guduma da gashin tsuntsu a tare, suka taɓa ƙasa lokaci guda.

Mu kuwa a ƙarƙashin iska muke, kuma iska tana da nauyi ko da ido ba ya ganinta. A bakin teku, iskar da za ta cika akwati mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ta kai kilo 1.2. Ɗaki mai mita huɗu-huɗu da tsayin mita uku yana ɗauke da iskar da ta fi buhun siminti nauyi. Duk abin da zai ratsa ta dole ya ture ta gefe, ita kuma ta ture shi baya. A gabansa iskar na matsuwa, a bayansa kuma ana barin gurbi mai hargitsi wanda matsinsa ya yi ƙasa, sai abin ya zama ana danna shi ta gaba ana jan shi ta baya. Wannan ce turjiyar iska.

Abin da ya fi komai ƙara mata ƙarfi shi ne gudu. Isaac Newton ya yi nazarin wannan a littafinsa na 1687, ya nuna cewa turjiyar ba a hankali take bin gudu ba, ninkuwa take yi: gudu ya ninku sau biyu, turjiya ta ninku sau huɗu, ya ninku sau goma, ta ninku sau ɗari. Dalilin a fili yake. Mai gudu biyu yana karo da iska ninki biyu a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane karo ƙarfinsa ninki biyu ne. Ɗan acaɓa ya san wannan a jikinsa: a cikin lungu ba ya jin komai, amma da ya hau babban titi ya murɗe hannu sai rigarsa ta cika, idonsa ya kawo ruwa. Bayan gudu sai faɗin fuskar da abin ya nuna wa iska, da siffarsa, da kaurin ita iskar. Masu iya magana da suka ce iska na wahalar da mai kayan kara, faɗin fuska suka gani.

Amma ƙarfin turar ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, sai an auna shi da nauyin wanda ake turawa. Ɗauki ƙwallon tebur da ƙwallon golf. Girmansu kusan ɗaya ne: ta farko milimita 40, ta biyu ta ɗan haura 42. In suna gudu ɗaya, turar da iska ke yi musu ba ta da wani babban bambanci. Sai dai ƙwallon tebur giram 2.7 ce, ta golf kuwa kusan giram 46, wato ninki goma sha bakwai. Turar da ke tsayar da ta farko cikin 'yan mitoci, ta biyu da ƙyar take jin ta. Shi ya sa duk ƙarfin hannunka ba za ka kai ƙwallon tebur inda za ka kai tsakuwa ba.

A nan akwai wani sirri na girma da ya kamata a tsaya a kansa. In ka ninka kaurin dutse sau biyu, faɗin fuskarsa ya ninku sau huɗu, amma nauyinsa ya ninku sau takwas. Nauyi ya fi fuska saurin girma, don haka duk yadda abu ya ƙara girma, ikon iska a kansa raguwa yake yi, duk yadda ya ƙanƙance kuma ikonta ƙaruwa yake yi. Ɗan wasan jifan dalma yana tura ƙarfe mai kilo 7.26 da gudun wajen mita 14 a daƙiƙa. Turar iska a kansa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Lokacin da Ryan Crouser na Amurka ya kafa tarihi da mita 23.56 a 2023, abin da iska ta cire masa bai wuce 'yan santimitoci ba. Ga wanda lissafin Galileo ya dace da shi kusan ɗari bisa ɗari. A ɗaya gefen kuma ga mai shiƙa a masussuka. Ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta juya ta yadda iska za ta ratsa ta gefe, ta karkata bakin ƙwaryar a hankali, gero na zuba. Tsaba da ƙaiƙayi tare suke barin ƙwarya, daga tsayi ɗaya, da gudu ɗaya. Tsabar ta sauko kusan a miƙe ta taru a gabanta, ƙaiƙayin ya kauce ya sauka can gefe, ƙurar da ta fi shi sauƙi ta wuce gaba ɗaya. In iska ta kwanta sai ta dakata, in ta yi ƙarfi sai ta sauke hannu kaɗan don kada tsabar ma ta bi. Abin da take aunawa da ido shi ne nauyin kowace ƙwaya a kan faɗin fuskarta. Ƙarshen wannan layi shi ne hazon hunturu. Ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta yi laushin da nauyinta ba ya iya sauko da ita da wuri, sai iska ta ɗauke ta ta rufe mana sama a Kano da Damagaram, wani ɓangarenta ma ya ƙetare tekun Atilantika ya sauka a dajin Amazon.

Yawancin abin da muke jefawa ko bugawa yana tsakanin dalma da ƙaiƙayi. Mai tsaron gida da ya buga ƙwallo da gudun mita 30 a daƙiƙa, lissafin aji ya ce za ta yi mita 92, ta kusa kai wa ɗaya ragar. A fili kuwa mita 50 zuwa 60 take yi. A lokacin da take barin ƙafarsa, turar iska a kanta ta kai nauyinta, har ta ɗan fi. Mai jifan mashi kuma yana sakin mashinsa da gudu kusan irin wannan, amma gwani yana kai shi mita 85 ko 90. Mashin giram 800 ne, kusan ninki biyu na ƙwallo, kuma tsininsa kawai yake nuna wa iska. Gudu ɗaya, tazara ta bambanta da mita talatin ko fiye.

Ba nisa kaɗai iska ke ragewa ba, har siffar hanyar take sauyawa. Tunda tana cinye gudun gaba tun daga farko har ƙarshe, abin yakan hau a karkace ya sauko kusan a tsaye, kuma ƙololuwar hawansa tana wuce tsakiyar tafiyar, ta fi kusa da wurin sauka. Tsoffin maharban igwa na Turai kafin Galileo sukan zana tafiyar harsashi da layi miƙaƙƙe, sai 'yar lanƙwasa, sai faɗuwa a tsaye. Dalilan da suka bayar ba daidai ba ne, amma zanen nasu bai yi nisa da abin da ido ke gani ba in abin yana da gudu sosai. Daga nan ne kuma digiri 45 ke rasa sarautarta. Wanda ya tura ƙwallo sama sosai ya tsawaita zamanta a cikin iska, ya ba iska lokacin cinye gudunta. Gara ya ɗan kwantar da bugun ya ci nisa tun da sauran gudu. Shi ya sa kusurwar da ta fi nisa takan sauko ƙasa da 45, kuma duk yadda ikon iska ya ƙaru tana ƙara saukowa: ga harsashin bindiga takan dawo wajen digiri 30 zuwa 35. Sai dai a yi hattara, ba kowace saukowa ce laifin iska ba. Masu jifan dalma ma ƙasa da digiri 45 suke saki, amma nasu dalilin jiki ne: dalmar tana barin hannu daga tsayin da ya haura mita biyu, kuma ɗan'adam ya fi iya tura nauyi gaba fiye da tura shi sama.

Alkawarin nan na cewa gudu biyu nisa huɗu shi ma rushewa yake yi. Wasan badminton ya fi kowane nuna haka. Abin da ake bugawa a cikinsa giram biyar ne kacal, da gashin tsuntsu goma sha shida a bayansa. Manyan 'yan wasa suna dukansa ya tashi da gudun da ya haura kilomita 400 a awa, gudun da in babu iska zai kai shi fiye da kilomita guda. Amma a kowane mita uku zuwa huɗu rabin gudunsa zubewa yake yi, kuma duk ƙarfin duka da ƙyar yake wuce tsawon filin, mita 13.4. Ƙara ƙarfi a nan ƙara wa iska abinci ne kawai.

Sojoji ne suka fara ɗanɗana wannan da gaske. Tsawon shekaru ana buga jadawalin harbin igwa bisa lissafin Galileo, harsashi yana sauka nesa da inda takarda ta ce. A 1742 wani ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya ƙirƙiro hanyar auna gudun harsashi: ya rataye abu mai nauyi, ya harbe shi, ya auna yadda ya yi lilo. Da ya yi harbin daga tazara daban-daban sai ya ga yadda gudun ke zubewa a hanya, ya kuma gano cewa in harsashi ya kusanci gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, turjiyar takan yi tsalle ta wuce abin da Newton ya lissafa. Harsashin AK-47 yana barin baki da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa. Babu iska, zai yi kilomita 52. Da iska, iyakarsa kilomita uku ko ƙasa da haka.

Akwai inda aka karya ƙa'idar ta ɗaya gefen. A watan Maris na 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsasai suka fara faɗowa birnin Paris alhali sojojin Jamus suna can wajen kilomita 120. Igwar da ke harbo su an ɗaga bakinta digiri 50 ko fiye, sama da 45 ba ƙasa ba. Dabarar ita ce a fitar da harsashin da sauri daga iska mai kauri ta kusa da ƙasa, ya hau wajen kilomita 40 sama inda iska ta kusa ƙarewa, ya yi mafi yawan tafiyarsa a can. Wato amsar tambayar wace kusurwa ta fi nisa tana hannun irin iskar da za a ratsa.

Kaurin iska kuwa yana canzawa ko a nan ƙasa. A birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, iska ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma a gasar Olamfik ta 1968 da aka yi a can an karya tarihi da dama a gajeren gudu da tsalle, ciki har da tsallen Bob Beamon na mita 8.90. A Jos, da ke wajen mita 1,200, ragin ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma, don haka doguwar ƙwallo a can ta ɗan fi ta Legas tafiya. Zafi ma yana sassauta iska: a ranar bazara mai digiri 40 a ma'aunin zafi, kaurinta ya ragu da wajen kashi 8 cikin ɗari in aka kwatanta da sanyin digiri 15. Abin da mutane da yawa ba sa tsammani shi ne iska mai laima ta fi busasshiya sauƙi, ko da yake bambancin kaɗan ne.

Da a ce iska karɓa kawai take yi da zancen ya ƙare a nan, amma tana bayarwa ga wanda ya san hannunta. Hankali zai ce abu mai santsi ya fi ratsa iska, sai ga ƙwallon golf cike da ƙananan ramuka ɗari uku zuwa ɗari biyar. Ramukan suna hargitsa siririyar iskar da ke manne da jikin ƙwallon, sai ta daɗe tana bin lanƙwasarta kafin ta rabu da ita, gurbin da ke baya ya tsuke, jan baya ya ragu. Ƙwallo mai santsi kusan rabin nisan kawai take yi. Ɗinkin ƙwallon ƙafa ma irin wannan aiki yake yi. Ƙwallon Jabulani ta gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu an haɗa ta da falle takwas maimakon talatin da biyu da aka saba, masu tsaron gida da dama suka yi ta kuka cewa tana kauce musu a sama. Juyi kuma wani makami ne. Ƙwallon da ke juyawa tana karkatar da iska gefe ɗaya, iska ta tura ta ɗaya gefen. Bajamushe Gustav Magnus ya bayyana wannan a 1852. In juyin na gefe ne sai ƙwallo ta lanƙwasa, kamar bugun tazarar da Roberto Carlos na Brazil ya zura wa Faransa ƙwallo da shi a 1997. In na baya ne sai ya ɗaga ta, ta daɗe a sama ta ƙara nisa.

Jifan faifai ya fi ban mamaki. Faifan mai kilo biyu yana tafiya a ɗan karkace kamar fiffike, don haka iskar da ke fuskantar mai jifa ɗaga shi take yi, ta ƙara masa mitoci. A dogon tsalle da gajeren gudu ba a karɓar sabon tarihi in iskar baya ta wuce mita biyu a daƙiƙa, amma a jifan faifai babu wannan sharaɗi. Tarihin Jürgen Schult na mita 74.08 ya tsaya tun 1986 har zuwa 2024, lokacin da Mykolas Alekna ɗan Lituweniya ya jefa mita 74.35 a Ramona ta jihar Oklahoma, wurin da aka sani da iska mai taimakon faifai. Mashi ma ya taɓa shawagi fiye da kima. A 1984 Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mita 104.80, tazarar da ta fara fin ƙarfin filayen wasa. A 1986 aka matsar da tsakiyar nauyin mashin maza santimita huɗu gaba, domin tsininsa ya riƙa sunkuyawa da wuri ya kafe a ƙasa. Santimita huɗun nan sun rage mitoci masu yawa. Tarihin sabon mashi, mita 98.48 na Jan Železný, yana nan tun 1996.

A ganina, kuskure ne malami ya tsaya a digiri 45 ya rufe babi. Ajiye iska gefe a matakin farko dabara ce mai kyau, domin lissafinta yana da wuya, har ma yau kwamfuta ake ba wa ta bi tafiyar taki-taki. Amma yaron da ke buga ƙwallo kowace yamma ya riga ya ga abin da ya saɓa wa allo. In ba a gaya masa dalili ba, zai ɗauka kimiyya abin jarrabawa ce kawai. Takarda biyu, ɗaya a shimfiɗe ɗaya a dunƙule, sun isa a buɗe masa zancen cikin minti biyar.

Saura batun faɗowa, wanda shi ne ya fi shafar rai. Abin da ke faɗowa yana ƙara gudu har turar iska ta yi daidai da nauyinsa, daga nan gudun ya tsaya cak. Wannan rahama ce babba: ɗigon ruwan sama mafi girma ba ya wuce wajen mita 9 a daƙiƙa, alhali da babu iska, wanda ya taso daga gajimare mai tsayin kilomita biyu zai iso da gudun kusan kilomita 700 a awa. Wannan ne ya sa wasu ke zaton harsashin da aka harba sama shi ma a sanyaye yake dawowa. Ba haka ba ne. Harsashi ƙaramin abu ne mai nauyi, irin wanda iska ba ta da iko sosai a kansa. Wanda aka harba a miƙe yakan dawo da gudun mita 60 zuwa 90 a daƙiƙa, sama da kilomita 200 a awa, kuma hakan ya isa ya huda fata ya fasa ƙoƙon kai. Wanda aka harba a karkace, kamar yadda akasari ake yi, ya fi haɗari, domin yana riƙe da juyinsa da sauran gudunsa, tsininsa a gaba, ya sauka kilomita ɗaya ko biyu daga wurin da aka harba shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya mutum 19 da irin wannan harbi ya raunata a tsibirin Puerto Rico a bikin shiga shekarar 2004, ɗaya daga cikinsu ya mutu. Don haka mai harba bindiga sama a wajen biki ko murnar zaɓe, da jami'in da ke yin haka don tarwatsa taro a cikin gari, su sani cewa harsashin nan a kan wata unguwa zai sauka, inda yara ke wasa a tsakar gida. A daina.